Karatun mastar na malaman yara masu baiwa: asalinsa da abin da ake koya a ciki

Kusan kowane malamin firamare ya taɓa samun irin yaron nan a ajinsa: kafin a gama rubuta lissafi a allo ya ba da amsa, aikin da aka ba aji na rabin awa ya gama shi cikin minti biyar, sauran lokacin kuma ya ƙare a surutu, ko tsokanar na kusa da shi, ko gyangyaɗi. Wani malamin ya ce yaron yana da kai, ya ɗora shi kan ƴan aji yana rubuta sunan masu surutu. Wani ya ce fitinanne ne, ya mai da shi bencin baya. A wasu ƙasashe, Amurka a kan gaba, akwai karatun jami'a na musamman da malami yake yi bayan ya samu lisans, domin ya iya gane irin wannan yaro, ya kuma san abin da zai yi da shi. Karatun yakan kai matakin mastar, wasu ma su zarce zuwa doktora.

Su wane ne yara masu baiwa

Da Faransanci sunan ya sha canzawa. An daɗe ana cewa surdoué, aka koma précoce, yanzu takardun gwamnatin Faransa suna cewa haut potentiel. Ma'aunin da aka fi sani shi ne na kaifin ƙwaƙwalwa, wato QI. An tsara jarrabawar yadda matsakaicin mutum zai samu 100, kuma wanda ya kai 130 ko ya wuce shi ake sa wa a wannan rukuni. Wajen yara biyu ke nan cikin ɗari. A lissafi, aji mai ɗalibai 50 zai iya samun ɗaya.

Masu wannan fanni ba su tsaya kan lamba ba. A 1972 shugaban hukumar ilimi ta tarayyar Amurka, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisar dokoki wani rahoto da ya lissafa fannoni shida da baiwa take fitowa: fahimta ta gaba ɗaya, fice a wani darasi guda, ƙirƙira, iya jagoranci, zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, da kuma iya sarrafa jiki. Rahoton ya ƙiyasta cewa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ƴan makaranta ne abin ya shafa. A 1978 Joseph Renzulli na Jami'ar Connecticut ya kawo nasa bayani: baiwa tana bayyana ne idan abubuwa uku sun haɗu, wato iyawar da ta wuce ta tsaka-tsaki, ƙirƙira, da naci kan aiki. Shi kuwa Françoys Gagné, wani masani a birnin Montreal na Kanada, ya raba baiwa da gwaninta. Baiwa ita ce abin da yaro ya taso da shi. Gwaninta ita ce abin da koyo da horo suka mai da baiwar. Tsakanin biyun akwai iyaye, da malami, da sa'a. Ɗalibin mastar yana share watanninsa na farko kan waɗannan bayanai, domin duk wanda makaranta ta ɗauka shi zai yanke wane yaro za a kula da shi, wane za a bari.

Inda abin ya faro

Abin mamaki, jarrabawar QI ta samo asali ne daga neman yaran da karatu ya yi wa nauyi. Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da ita a Paris a 1905. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara ta don Amurkawa a 1916, sannan a 1921 ya fara bin rayuwar yara kusan 1,500 na jihar Kaliforniya waɗanda suka ci maki mai yawa. Binciken ya rushe tsohon zancen nan cewa yaro mai ƙwaƙwalwa rago ne mai yawan ciwo, domin yawancinsu sun tashi da lafiya, sun yi karatu mai zurfi. Amma yana da aibinsa, kuma a ajin mastar aibin ake fi nanatawa. Malamai ne suka fara zaɓo yaran kafin a yi musu jarrabawa, sai ya zama kusan dukansu fararen fata ne ƴaƴan masu hali. Terman kansa yana cikin masu aƙidar nan ta fifita wani jinsi a kan wani. Sannan yara biyu da aka gwada aka bari, William Shockley da Luis Alvarez, daga baya kowannensu ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, alhali babu ko ɗaya cikin zaɓaɓɓun da ya ci.

Wadda ta mai da batun ya zama aikin malami ita ce Leta Hollingworth ta kwalejin horon malamai ta Jami'ar Columbia a New York. A 1922 ta buɗe aji na gwaji a wata makarantar gwamnati, a 1926 ta wallafa littafin da ake ɗauka shi ne na farko da aka rubuta don koyar da wannan fanni, a 1936 kuma ta jagoranci azuzuwan yara masu baiwa a makarantar Speyer. Ita ce ta lura cewa yaron da QI ɗinsa ya kai 140 yana ɓata kusan rabin lokacinsa a aji na yau da kullum, wanda ya kai 170 kuma kusan dukan lokacinsa. Ta rasu a 1939.

Bayan nan siyasa ta shigo. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, aka zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya ta dokar 1958. Rahoton Marland ya zo da wani abu da har yau ake ambata: fiye da rabin shugabannin makarantun da aka tambaya sun ce ba su da yaro mai baiwa ko ɗaya. A 1988 majalisa ta zartar da dokar Javits, wadda ta ba da kuɗin bincike, aka kafa cibiyar bincike ta ƙasa a 1990 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Connecticut. Sai dai har yanzu dokar tarayya ba ta tilasta wa makarantu su yi wa waɗannan yara wani tanadi ba. Kowace jiha da nata tsari.

Yadda karatun yake

Saboda haka takardar da ake nema wurin malami ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Texas malamin da zai riƙe irin waɗannan yara sai ya yi horon awa 30, sannan awa 6 kowace shekara. A Florida darussa biyar ne na jami'a: halin yara masu baiwa da buƙatunsu, tsara manhaja, ba da shawara, ƙirƙira, da kuma yaran da aka saba tsallakewa, kamar ƴaƴan talakawa da masu wani harshe a gida. Irin wannan ƙaramar takarda ƙari ce a kan takardar malanta, kuma yawanci darussa huɗu zuwa shida ne. Cikakkiyar mastar takan kai darussa 10 zuwa 12, cikin shekara ɗaya zuwa biyu, tare da aikin gwaji a aji da ɗan bincike a ƙarshe.

Yawancin ɗaliban malamai ne da suke bakin aiki, don haka jami'o'i suka tsara karatun da yamma, ko ta intanet, ko lokacin babban hutu. Connecticut tana da tsarin da malami zai zo jami'a a babban hutu uku a jere, sauran ya yi daga gida. Jami'ar Iowa, da Purdue, da ta Georgia, da William & Mary a jihar Virginia duk sun yi suna a fannin. Ƙungiyar ƙasa mai kula da yara masu baiwa, wadda aka kafa a 1954, tare da ƙungiyar malaman yara masu buƙata ta musamman, sun fitar da ƙa'idojin horon malamai a 2006, suka sabunta su a 2013. Da su aka riƙa auna manhajar jami'o'i.

Wanda ya gama yakan koma ajinsa, ko ya zama mai zagaya makarantu yana ɗaukar yaran na wasu sa'o'i a mako, ko ya zama mai kula da shirin a hukumar ilimi ta gunduma, yana horar da sauran malamai.

Darasin gane yaro

Idan akwai darasin da ya cancanci kuɗin makarantar, wannan ne. Malamin da bai samu horo ba yakan yi wa rogo kallon kitse: yarinya mai tsabtar littafi, mai ladabi, mai haddace darasi, ita zai nuna. Mai yiwuwa tana da baiwar, mai yiwuwa ƙoƙari ne da kulawar gida. Wanda yake gardama da malami, yake tambayar abin da ba ya cikin littafi, rubutunsa kamar tafiyar kaza, ba kasafai sunansa yake shiga takarda ba. Haka yarinyar da ta gane cewa yawan ɗaga hannu yana jawo mata baƙin jini wurin ƙawaye, ta koma yin shiru.

An auna wannan a Amurka. A 2016 Jason Grissom da Christopher Redding na Jami'ar Vanderbilt sun nuna cewa idan aka ɗauki yaro baƙar fata da farar fata masu maki ɗaya a jarrabawa, damar baƙin ta shiga shirin masu baiwa kusan rabin ta farin ce. Idan kuwa malamin ajin baƙar fata ne, damar takan ƙaru sosai. A shekarar dai, David Card, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021, da Laura Giuliano sun wallafa abin da ya faru a wata babbar gundumar Florida. Can an daina jiran malami ko iyaye su nuna yaro. Daga 2005 aka riƙa gwada kowane ɗan aji biyu da jarrabawar siffofi da zane wadda ba ta dogara da iya Turanci ba. Adadin baƙaƙen fata da ƴan asalin Latin Amurka da aka gano ya haura nesa. Da kuɗi suka yi ƙaranci aka dakatar da gwajin, adadin ya koma inda ya fito. Yaran suna nan tun farko, idon da zai gan su ne babu.

Don haka ake koya wa malami kada ya dogara da ma'auni guda. Zai duba jarrabawa, ya duba aikin da yaro ya yi da hannunsa, ya saurari iyaye, ya kwatanta yaron da takwarorinsa na unguwa ɗaya masu dama iri ɗaya, ba da ƴaƴan manyan birni ba. Ana koya masa karanta sakamakon jarrabawar QI, kamar WISC da masana halayyar ɗan Adam suke yi wa yara, amma ba shi yake yin ta ba. Ana kuma nuna masa yaran da baiwa da matsala suka haɗu a kansu: wanda ya fi kowa fahimta amma haruffa suna rikice masa, ko wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. A irin wannan hali baiwar takan rufe matsalar, matsalar ta rufe baiwar, yaro ya fito da maki na tsaka-tsaki, ba wanda ya waiwaye shi.

Bayan an gane shi

Hanya ta farko ita ce gaggauta karatu. Mutane sun fi sanin tsallake aji, amma rahoton da Jami'ar Iowa ta fitar a 2004 ya lissafa iri 18, ciki har da shiga makaranta da wuri, da barin yaro a ajinsa amma ya je aji na gaba a darasin lissafi kaɗai. Malamai da iyaye da yawa suna tsoron abin, suna ganin yaron zai rasa abokai ko ya karye a gaba. Binciken da aka tara bai goyi bayan wannan tsoro ba, muddin an yi zaɓin da lura. Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins ya fara bin yara masu ficen lissafi tun 1971, aikin yana ci gaba har yau. A Ostireliya Miraca Gross ta bi yara 60 masu QI 160 ko fiye na shekaru masu yawa, ta ga waɗanda aka tsallakar da su aji biyu ko fiye sun fi samun natsuwa da abokai a kan waɗanda aka riƙe da sa'anninsu. Iowa ta fitar da wata takardar awo da malami, iyaye da shugaban makaranta suke cikewa tare kafin a yanke shawara. Tana tambayar har da ko yaron yana so, da ko zai tarar da yayansa a ajin da za a kai shi.

Hanya ta biyu ita ce rage maimaici. Kafin a shiga sabon babi, malami ya gwada yaron; abin da ya riga ya iya a ɗauke masa, lokacin da ya rage a ba shi aiki mai zurfi. Sally Reis da abokan aikinta a Connecticut sun gwada wannan a farkon shekarun 1990. Malaman da aka horar sun cire kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na manhajar wasu darussa ga irin waɗannan yara, kuma makinsu a jarrabawar ƙarshen shekara bai faɗi ba. Wannan dabara ba ta buƙatar sabon gini ko kwamfuta. Abin da take ci shi ne lokacin malami, wanda shi ma ba arha ba ne.

Ta uku ita ce faɗaɗa karatu: a bar yaro ya ɗauki wata matsala ta gaske ya bi ta makonni, kamar auna ruwan saman unguwa ko tattara tarihin wani gari daga bakin tsofaffi. Ana gargaɗin malami kan kuskure biyu da aka fi yi. Ɗaya shi ne ƙara wa yaro lissafi ashirin irin waɗanda ya riga ya iya, abin da zai koya masa cewa saurin gamawa laifi ne. Ɗaya kuma shi ne mai da shi mataimakin malami na dindindin. Taimakon ƴan'uwa abu ne mai kyau, amma wanda kullum yake koyarwa, yaushe zai koya?

Faransa da sauran Turai

Faransa ta bi wata hanya. A 1971 Jean-Charles Terrassier, masanin halayyar yara a birnin Nice, ya kafa ƙungiyar ANPEIP, shi ne kuma ya yaɗa kalmar dyssynchronie: yaro ɗan shekara bakwai mai tunanin ɗan goma sha ɗaya, amma hannunsa da zuciyarsa na ɗan bakwai ne. Ma'aikatar ilimi ta daɗe tana ɗari-ɗari da batun, tana ganin ya saɓa wa aƙidar daidaito tsakanin ƴan ƙasa. Sai a 2002 aka samu rahoton Delaubier, dokar ilimi ta 2005 ta ambaci waɗannan yara ƙarara, a 2019 kuma aka fitar da littafin jagora ga malamai. Maimakon a samar da rukunin malamai masu mastar a fannin kamar Amurka, an naɗa jami'i mai kula da batun a kowane yankin ilimi, ana ba malamai gajeren horo, wasu jami'o'i kuma suna ba da ƙaramar takardar da ake kira DU.

A can gardamar ta fi zafi kan halin yaran. Littattafan da suka yi kasuwa sun nuna su a matsayin masu yawan damuwa da faɗuwa a makaranta, shirin talabijin na HPI da tashar TF1 ta fara nunawa a 2021 ya ƙara sa kalmar a bakin kowa. A 2017 masu bincike biyu, Franck Ramus da Nicolas Gauvrit, suka ce wannan hoto ya samo asali ne daga yaran da aka kai wurin likita saboda suna da matsala, kuma idan aka duba yara masu QI mai yawa gaba ɗaya, sun fi sauran cin jarrabawa, ba su fi su damuwa ba. Horo mai kyau yana nuna wa malami ɓangarorin biyu.

A Holand, Franz Mönks na Jami'ar Nijmegen ya tsara wata takardar ƙwarewa tare da majalisar Turai mai kula da hazaƙa, ECHA, wadda aka kafa a 1987. Malamai a Jamus da Ostiriya da wasu ƙasashe suna yin ta.

Masu suka

Suka mafi ƙarfi ita ce shirin yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Birnin New York ya daɗe yana zaɓen yara da jarrabawa tun suna shekara huɗu, masu kuɗi suna biya a shirya ƴaƴansu. A 2021 magajin gari Bill de Blasio ya ce zai rushe tsarin, wanda ya gaje shi, Eric Adams, ya dawo da shi a 2022 ba tare da waccan jarrabawa ba. Akwai kuma masu cewa horon da malami ɗaya cikin makaranta ya samu bai kai amfanin wanda kowane malami zai samu tun a makarantar horo ba, tunda yaron yana wuni ne da malamin ajinsa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma yawancin masu koyar da fannin sun yarda da ita.

Najeriya da Nijar

A yankin nan hanyar da aka fi bi ita ce ware makaranta ta musamman. Najeriya tana da makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu baiwa a Suleja, jihar Jigawa ta gina tata a Bamaina kusa da Birnin Kudu. Ta fuskar horon malamai, sashen ilimi na musamman na Jami'ar Ibadan da kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo suna koyar da wannan fanni. A Nijar akwai Lycée d'Excellence da makarantar soja ta Prytanée a Yamai, waɗanda ake shiga ta hanyar gasa.

Gasar tana zuwa ne bayan yaro ya yi shekaru a makaranta. Wanda ya gundura tun yana CE1 ya daina zuwa, ko yarinyar da aka cire kafin ta kai kwaleji, ba za su zauna wannan jarrabawa ba. Ga kuma batun harshe, wanda ya yi kama da abin da aka gani a Florida: yaron da ya tashi da Hausa, Zabarmanci ko Tamashek ana auna hankalinsa da Faransanci, kuma jarrabawar QI da aka daidaita da yaran Faransa ba za ta faɗi gaskiya a kan yaron Tasawa ko Madawa ba. Wuraren da ake horar da waɗanda za su fara ganin yaron su ne makarantun horon malaman firamare na jihohi, kamar na Maraɗi, Damagaram da Tawa, da kuma babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni, inda malaman kwaleji da lise, masu ba malamai shawara da sufetocin makarantu suke fitowa.